Fankar Surukina a Cikin Kwamfuta

Kwamfutar farko da na mallaka tsohuwa ce tun ranar da ta shigo hannuna. A gwanjon ma'aikatarmu na same ta, a tsakiyar shekarun casa'in, lokacin da aka kawo wa manya sababbi aka tura tsofaffin sito. Irin wadda ake kira 486 ce, akwati mai launin madara da ke zama a kwance, a ɗora masa allon kallo a bisa. A goshinta akwai 'yar taga mai koren haske da ke nuna lamba 66, kusa da ita kuma wani maɓalli da ake kira turbo. A cinya na rungumo ta cikin bas daga Abuja har Suleja, kwandasta yana ta mita wai kayana sun fi ni cin wuri.

Ni mutumin Zariya ne, aikin ofis ya kawo ni Abuja, kuma hayar Abuja ba ta irinmu ba ce. Kamar sauran ƙananan ma'aikata, a Suleja na kama ɗaki, in fita da sassafe in dawo gab da magariba. A nan na yi aure. Matata 'yar gari ce, ta koyi buga tafireta kafin aurenmu, kuma yatsunta sun fi nawa sauri nesa ba kusa ba. Don haka kwamfutar tawa ce a baki kawai. Ita ke zama a kanta da rana a falonmu, tana buga wa mutane katin biki da takardun neman aiki da furojet ɗin ɗalibai, ni kuma in dawo da yamma in yi ta ba da shawarar da ba a tambaye ni ba.

Mahaifinta mai gyaran fanka ne a unguwar Magajiya, nan cikin Suleja. Shagonsa ɗaki ne guda da ke kallon titi, a jikin gidansu, kuma tun kafin a haifi matata yake cikinsa. Fankar tebur, ta sama, ta tsaye, duk wadda koyil ɗinta ya ƙone shi ke warware shi ya sake naɗawa da hannu. Dogo ne, marar yawan magana, yatsunsa duk tabon dalma. Tsakanina da shi akwai abin da ke tsakanin kowane mutum da uban matarsa. Ina gaishe shi a tsugune, idona a ƙasa. Ban taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba. In na hango shi a layi sai in tuna ina da wata bukata a wani layin, shi ma ba ya zuwa gidana sai ya tabbata na tafi aiki. Duk maganar da ta wuce gaisuwa, ta bakin matata take bi ta je, ta bakinta take dawowa.

A lokacin akwai wata magana da ta hana gidansu sakewa. Yayan matata, babban ɗan Baba, direba ne a Abuja, kuma ya ga yadda baƙi ke rububin ɗaki a Suleja. Ya dage a kan Baba ya rufe shagon a ba da shi haya, ya huta. Dalilinsa shi ne idon Baba ya yi rauni, kuma mutumin da ba ya gani sosai bai kamata ya riƙa wasa da wutar lantarki ba. Baba ya ce idonsa ƙalau, wanda ya ga aikinsa ya ɓaci ya kawo shaida. Yaya ya nemi shaida ya rasa, don ba wanda ya taɓa dawo da fanka yana ƙorafi. Matata tana bayan mahaifinta ɗari bisa ɗari. Ta ce in aka raba shi da bencin nan an gama da shi, kuma ni ma haka na gani.

Cikin zafin bazara kwamfutar ta fara kuka. A cikinta akwai 'yar fanka da ba ta kai tafin hannu ba, tana zaune a kan farosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, tana fifita ta. Fankar ce ta fara gurnani, sai a ɗan bubbuga akwatin ta yi shiru, can ta sake. Rannan ta yi shiru gaba ɗaya, kuma daga nan da rana ta take sai kwamfutar ta daskare a tsakiyar aiki. Na ce zan nemo sabuwa a Abuja in na sami sarari. Sararin bai samu da wuri ba, matata kuma ga aikin mutane a gabanta, ga uba mai gyaran fanka a unguwa ta gaba.

Na dawo wata Laraba na tarar da ita tana fara'a tun daga bakin ƙofa. Baba ya zo, ya buɗe, ya gyara. Bai sami irin 'yar fankar ba, sai ya ciro wata da ta fi ta girma daga wani mataccen inji a shagonsa, ya yanka gwangwanin madara ya yi mata mazauni, ya ɗaura. Na kara kunne a jikin akwatin na ji iska tana fita sumul, ba gurnani ko kaɗan. A bayan akwatin kuma, a kan sukuru ɗaya, ga ɗigon jan fenti.

Wannan ɗigon alamarsa ce. Duk fankar da ta fita daga hannunsa sai ya ɗiga wa sukuru ɗaya jan fenti, ya haɗe kan sukurun da jikin ƙarfen. In fentin ya tsage, ya san wani ya buɗe bayansa. Duk Magajiya an san ma'anar haka. Wanda ya fasa jan fentin Baba ya ce bai yarda da aikinsa ba ke nan, ko da bai buɗe baki ba.

Kwamfutar ba ta sake daskarewa ba. Sai dai ta koma tafiyar mai ciwon ƙafa.

Matata ce ta fara lura, amma ba ta faɗa ba. Ni na gane daga sautin yatsunta. Da can in tana bugu kamar ruwan sama ne a kan kwano, yanzu sai ta buga kaɗan ta tsaya, ta jira haruffan su biyo ta a kan allo. In an kunna injin, yakan ƙirga ma'ajiyarsa da lambobi masu gudu da ido ba ya iya bi. Yanzu ina iya karanta su ɗaya bayan ɗaya. Shafin da ake aika wa firinta nan take, sai ta tura shi ta shiga kicin ta duba tukunya ta dawo bai fara ba. Amma 'yar tagar nan ta goshi tana nan tana nuna 66 da koren haskenta, ko a jikinta.

Da na yi mata maganar, sai ta ce, "Wutar unguwar nan ce ba ta da ƙarfi kwanan nan."

Na ce haka ne, wuta ce. Mu biyun mun san ranar da abin ya fara, kuma mun san abin da aka yi a ranar, amma ba wanda ya so ya zama na farkon faɗa.

Daga nan na shiga bincike, kuma yau in na tuna sai in yi wa kaina dariya, don na bincika komai ban da wurin da aka taɓa. Na ari sitabilaiza wajen maƙwabcinmu mai firiji, wuta ta daidaita, kwamfuta ba ta canja ba. Na ce to bairos ne, cutar nan ta kwamfuta, ɗaliban nan ne ke kawo shi a faifansu. Na aro faifan maganin bairos daga ofis, ya yi ta laluben injin har na gaji da zama, ya ce bai ga komai ba. Na goge tsofaffin ayyuka don in rage mata kaya. Na goge wasan kati da nake yi a ɓoye, ina jin kamar na yi wata babbar sadaukarwa. Na shiga shuɗin shafin saituna da ke fitowa kafin injin ya tashi, na karanta layi-layi, rabin abin ban san ma'anarsa ba, na fita ban taɓa komai ba. Raina ya ɓaci, kuma da yake ba ni da wanda zan huce a kansa, sai na riƙa yi wa linzamin kwamfutar tsawa.

Ana cikin haka Baba ya mayar da falonmu wurin ziyara. Matata ta ba ni labari cewa yakan zo da hantsi da abokansa na majalisa, tsohon tela da wani mai sayar da goro, ya sa su kara kunne a jikin akwatin. Sai ya ce, "Kun ji? Kwamfuta ce wannan, ta Turawa. Ni na sa mata fanka." Kafin ya tafi sai ya shafa bayan akwatin da ɗan yatsa ya taɓa fentinsa. Labarin ya kai kunnen Yaya, kuma aka ce da ya sake tayar da maganar haya, Baba ya tambaye shi ko makaho yana gyara kwamfuta. Matata ta ji daɗin wannan amsar ƙwarai, ta maimaita mini ita har sau nawa, alhali aikin mutane na taruwa a kan tebur, wasu ma sun fara karɓe takardunsu suna kaiwa wani wuri.

A ofishinmu akwai wata mata 'yar Filato da ke kula da ɗakin kwamfuta. Madam muke ce mata. Ita ma a Suleja take haya, wajen Kurmin Sarki, kuma sau da yawa bas ɗaya muke shiga da safe. Ta girme ni, ta fi ni matsayi, kuma ba ta iya zagaye-zagaye ba. Rannan muna zaune a kujerar baya na kwashe labarin na gaya mata, na faɗi wuta, na faɗi bairos, na faɗi duk abin da na gwada.

Ta ce, "Malam, me aka yi wa injin kafin ya fara wannan wahala?"

Na ce an canja fanka.

"To ka buɗe ka duba mana. Wataƙila fankan bai zauna daidai ba."

Na ce ba na jin daga nan ne, don lambar gaban tana nan a 66.

Ta yi dariya har wanda ke gabanmu ya waiwayo. "Abeg, wannan lamba fitila ne kawai. Ba ya auna komai. In ka so zan sa shi ya nuna 99. Ka danna turbo ɗin ka gani?"

Na ce na danna, lambar ta sauka, na sake dannawa ta hau.

"Gudun injin fa, ya canja?"

Na yi tunani. Bai canja ba, ko an danna ko ba a danna ba tafiyar ɗaya ce.

Sai ta bayyana mini. Maɓallin nan waya biyu gare shi. Ɗaya tana zuwa wajen fitilar lamba, ɗaya tana zuwa babban allon da ke cikin injin. In ta allon ta fita, a irin wannan injin sai farosesa ta koma tafiyar kwamfutocin da, a hankali, fitila kuwa ta ci gaba da nuna abin da aka saita ta ta nuna. Ta ce aikin minti kaɗan ne, in buɗe in bi wayar da ido. Sannan ta tambaye ni wa ya canja fankar.

Na ce surukina ne, mai gyaran fanka a Magajiya.

Sai da muka yi nisa sannan ta ce, "Dogon baba nan mai jan fenti?" Na ce shi. Ta ce matar da take haya a gidanta tsohuwar mai kai masa gyara ce. Har yanzu in fanka ta lalace wurinsa take fara kaiwa, ta biya shi, ta yi godiya. In an kwana biyu sai ta sa a kai ta wajen wani mai gyara a bakin babban titi, a sake dubawa, don wani lokaci waya na zaune inda bai kamata ba. Kuma ba ita kaɗai ba ce. Tsofaffin unguwar da yawa haka suke yi, wasu kuma sun daina kaiwa ne kawai. Madam ta ce ita abin yana ba ta mamaki, me zai hana a gaya wa mutum. Na ce mata ba a yi wa dattijo haka. Ta ce, "Na sani. Amma wuta bai san dattijo ba."

Ranar ban yi aikin kirki a ofis ba. Abin da ya fi damuna shi ne na fahimci mutanen nan sarai. Ba mugunta suke yi ba. Mutumin da ya gyara fankar ɗakin amarcinki, ya gyara ta ɗakin 'yarki, da wane baki za ki ce masa aikinsa ya ɓaci? Ni ma abin da nake yi ke nan da sitabilaizar aro da faifan bairos.

Da na dawo na gaya wa matata abin da Madam ta ce game da waya. Maganar mai gyaran bakin titi kuwa na riƙe ta tukuna. Ta daɗe tana kallon akwatin, sannan ta ce, "Ran Asabar ka buɗe. Baba zai tafi ɗaurin aure garin Diko, ba zai biyo ba."

Da safiyar Asabar na ɗora sukudireba a kan jan fentin. Na ji 'yar ƙarar tsagewarsa. Muka zare murfin.

Ban taɓa ganin aiki mai tsabta irin wannan ba. Gwangwanin madarar ya yanke shi daidai, ya lanƙwashe bakinsa don kada ya yanki hannu, ya goge shi har yana ƙyalli. Fankar ta zauna daram. Muka kunna injin a buɗe, na jira, na taɓa ƙarfen da ke kan farosesa da bayan yatsa, ɗumi kaɗan kawai. Tsohuwar fankar ko tana sabuwa ba na jin ta kai wannan. Wayoyin da ke fitowa daga goshin akwatin, waɗanda da can suke a hargitse, ya cire su don su ba fankar hanya, ya tattara su ya ɗaure da baƙin zare irin na naɗin koyil, ƙulli a jere, sannan ya mayar da kowace mazauninta.

Mazaunin nasu wasu 'yan tsinkayen ƙarfe ne a jere a bakin koren allon, kuma a gefen kowane biyu an rubuta sunan wayarsu da farin rubutu ƙanana kamar ƙwayar gero. Na bi wayar turbo da yatsa har ƙarshenta. Kanta rami biyu gare shi, ya kamata ya hau tsinke biyu. Ya hau ɗaya, ɗayan ramin yana iska. Kuskuren bai fi faɗin ƙwayar shinkafa ba.

Na kashe, na zare, na mayar daidai, na kunna. Lambobin ƙirga suka wuce fiu. Matata ta ja kujera ta buga layi guda, haruffa suka bi yatsunta ba jira. Ta yi 'yar ƙara ta murna, ni ma na yi dariya. Sai ta sunkuya ta leƙa wurin da na gyara, ta karanta farin rubutun da ƙarfi ba tare da ta matsa kusa ba, kuma a nan murnar ta ƙare. Ta zauna a ƙasa ta jingina da bango tana hawaye.

Can ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da kwalbar jan farce. Ta ce launin kusan ɗaya ne, in na mayar da murfin ta ɗiga, Baba da yatsa yake dubawa, ba zai gane ba. Ta ji abin da ta faɗa da bakinta, ta ajiye kwalbar. Sai na gaya mata sauran maganar Madam. Ta ce ƙarya ne, ta ce mutanen unguwa munafukai ne, ta faɗi maganganu da yawa. Da ta huce sai ta ce watan jiya ta ga sabuwar ƙuna a babban yatsansa, ya ce mata ƙarfen dalma ne, amma ƙunar ba ta yi kama da ta dalma ba.

Ban so in gaya masa ba, wannan gaskiya ne. Ina son mutumin nan, ko da yake ban taɓa samun hanyar nuna masa ba, kuma na san abin da maganar za ta jawo. Ga hanya mai sauƙi a cikin 'yar kwalba. Amma in muka ɗiga, mun shiga layin masu biya su yi godiya su zagaya ta baya, kuma wata rana wayar da zai sa a gurbin da ba nata ba mai wuta ce, ba ta kwamfuta ba. Bisa al'ada matata ce za ta kai maganar, ko in sami wani dattijo ya kai. Matata ta ce bakinta ba zai iya ba. Dattijo kuwa in ya ji, majalisa ta ji, Yaya ya ji kafin Baba. Saura ni.

Washegari bayan la'asar na tafi Magajiya. Sau da yawa na wuce ta gaban shagon nan da sauri, amma ban taɓa shiga ba. Na cire takalmi a bakin ƙofa na yi sallama na tsuguna. Yana zaune a kan benci da fankar tebur a buɗe a gabansa, yatsunsa suna bin wayoyin cikinta, fuskarsa kuma tana kallon wani wuri sama da ita. Ya amsa, ya ɗan yi jim da ya gane muryata. Ya nuna mini kujera, na zauna a ƙasa. Muka gaisa, ya tambayi aiki, ya tambayi mutanen Zariya, na tambayi hanya da gajiyar biki. Gaisuwa ta ƙare, ban tashi ba, shi ma ya san ba a banza na zo ba.

"Lafiya dai ko, Malam?"

"Lafiya lau, Baba. Maganar kwamfuta ce."

"Fankar ta tsaya?"

"Ba ta tsaya ba. Fankar da kuka sa ta fi ta asali. Na taɓa ƙarfen, ko zafi babu." Na ƙara sauke murya. "Sai dai tun ranar injin ya rage gudu. Waya ɗaya ce cikin ƙananan nan ba ta hau daidai ba, ta goce da tsinke ɗaya. Na mayar da ita."

Ya ajiye sukudireban da ke hannunsa a hankali.

"Ka buɗe ke nan."

"Na buɗe, Baba. Ku yi haƙuri."

Na jira faɗa, ko abin da ya fi faɗa, wato ya ce in tashi in tafi ba komai. Bai yi ko ɗaya ba. Ya ce, "Da ka mayar da ita, yaya aka yi ka san wurinta?"

"Akwai rubutu a gefen tsinkayen. Kowace waya da sunanta."

"Rubutu." Ya maimaita kalmar. "A kan koren allon?"

"E, fari, ƙanana."

"Ni kore kawai na gani. Da yatsa na ƙirga su."

Wani mai babur ya wuce a titi, ƙararsa ta cika shagon ta fita. Baba ya juya fuskarsa wajen kantocin da ke bango, inda fankoki kaɗan ke jiran gyara a wurin da ya isa ya ɗauki ninkinsu. Ban ce masa komai game da mai gyaran bakin titi ba, kuma ban yi niyyar faɗa ba.

Ya ce, "Ka san wani abu, Malam? Lokacin da nake da ƙarfina, lokacin da idona ke ganin waya mai sirin gashi, ba a mako sai wani ya dawo mini da fanka yana faɗa. Wani da gaskiyarsa, wani ba shi da ita. Mu yi ta cacar baki a bakin ƙofar nan, in buɗe in duba. Haka sana'a take. To an daɗe rabon da wani ya dawo mini da aiki. Kowa sai godiya, kowa sai Allah ya ƙara girma." Ya yi ɗan murmushi wanda ba na daɗi ba. "Har na kafa wa yayanku hujja da hakan."

Na ce, "Baba, ba wanda ya san maganar nan sai ni da ita. Yaya ba zai ji daga bakinmu ba."

"Daga bakina zai ji. Ba aikinka ba ne, ka yi naka."

Na ji kamar in nutse a ƙasa. Na fara cewa ana aikin ido yanzu, ana cire yana mutum ya koma gani, ya ɗaga hannu ya ce za a duba wannan daga baya. Sannan ya tura fankar da ke gabansa zuwa bakin benci, ya ce in matso. Ban taɓa matsawa kusa da shi haka ba. Ya ɗora yatsa a kan wani ɗan baƙin kafasita da ya riga ya ɗaura, ya ce in karanta masa lambar da ke jiki. Na karanta. Ya miƙo wanda ya cire, na karanta wannan ma. Ba iri ɗaya ba ne. Ya gyaɗa kai, ya zare sabon, ya sa na lalubo masa daidai a cikin gwangwanin kayan gyara, ya ɗaura da hannunsa, ya juya sukuru, ya jona. Fankar ta tashi lafiya. Ya bar ta tana juyawa, bai nemi kwalbar fenti ba.

Ita ce ta ƙarshe da ya gyara. A makon ya sa aka mayar wa kowa fankarsa da saƙon cewa a kai wani wuri, kuma kafin damina ta yi nisa wasu ma'aikata biyu daga Binuwai suka kama shagon haya. Matata ta yi kwanaki ba ta yi mini magana mai daɗi ba, kuma ban ga laifinta ba.

Amma a ranar, da na tashi zan tafi, na tsuguna na ce ya yafe mini in na yi rashin kunya. Iskar fankar tana kaɗa gefen rigarsa.

"Rashin kunya ka yi," in ji shi. "Da ka yi kunya irin ta sauran, da ina nan zaune ina karɓar sadaka ina ce mata kuɗin aiki. Tashi ka je, magariba ta kusa."